Gidan Tantabara a Tandabawi

An sallaci surukina a Harami bayan La'asar, shi da wasu mamata da ba mu san su ba, kamar yadda ake yi kullum a garin nan. Kafin a kira Magariba mun rufe shi mun juyo. A Makka ba a rubuta wa kabari suna, don haka tun a cikin mota na fara ƙoƙarin tuna layin da aka sa shi, kuma na kasa.

A gidana na unguwar Zahir aka yi zaman makoki, domin gidan da ya yi kusan duk rayuwarsa a ciki an riga an yanke masa wuta da ruwa. Muka jera kujeru a ƙofar bene, ana zagayawa da gahawa da dabino. Haifaffun nan suna riƙe hannuna suna cewa, "Azzamallahu ajrakum." Mutanenmu na gida kuma suna cewa, "Ya aka ji da haƙuri? Allah ya sa ya huta." Ni ne a farkon layin masu karɓar gaisuwa, saboda marigayin bai bar ɗa namiji ba. Matata ce kaɗai 'yarsa, ni kuma shekara ashirin da 'yan kai ina kiransa Baba.

Wani tsohon direban tasi daga Hindawiyya, abokinsa tun suna samari, ya zauna ya ƙi karɓar gahawa. Ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin ya yi faɗa da ɗan Adam ba. Amma ka nuna masa bangon da aka yi wa ha'inci, wallahi sai ka ji zagin da ba ka san ya iya ba. Akwai ranar da ya sa na tsaya tsakiyar titi don kawai ya sauka ya tsine wa wani ginshiƙi." Dariya ta kuɓuce wa mutane, kowa ya yi maza ya haɗiye ta ya koma salati.

Akwai kuma wani magidanci mutumin Maraɗi, ma'aikacin gini, wanda babu wanda ya san shi a cikinmu. Shi ya fi kowa kuka. Da na matsa kusa da shi sai ya ce, "Shekarun baya bayana ya riƙe, ko bokiti ban iya ɗagawa. Na san in mai aiki ya gane, halas, shi ke nan, sallama ce. Tsohon ga ya dinga zuwa da an sallame Asuba shina yi min rabona na yaɓe, kafin kowa ya iso ya wanke hannu ya tahi. Da na samu sauƙi na je godiya, sai ya ce min shi bai san zancen ba, in bincika ko aljannu ne."

Daga ɓangaren mata Goggo, ƙanwar marigayin, ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin labule. Ta ce, "Kai ne ɗanai yanzu. Ka sani, har ya koma ga Allah bai taɓa hwaɗin laihinka ba, ko sau guda."

Na ce, "Allah ya jiƙansa, Goggo." Na tashi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, domin ni da ita duk mun san akwai laifin, mun kuma san girmansa. Abu ɗaya tak mutumin nan ya taɓa nema a wurina: in buɗe wani bango da na toshe da hannuna, mu auna gidansa tare kafin a rushe shi. Ban yi ba yana da rai. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a san wane ne shi, a san gidan, a kuma san abin da na yi.

Baba a hanya aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Hajji, suna tafe suna yada zango suna noma, aka haife shi a Sudan, ya yi wayo a Makka. Bai taɓa ganin Sakkwato da idonsa ba, amma Hausarsa ta Sakkwatawa ce, sai Larabcin Hijaz da yake barbaɗa mata. Ni kuwa Bakano ne, na zo da iƙama, takardar izinin zama, ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda a nan ake kira mukayyif. Tun ranar da aka ɗaura mana aure bai ƙara kama sunana ba. "Mai sanyi" yake ce mini, in yana cikin raha kuma ya ce "Bakanon ga". Ba ma cin abinci a kwano ɗaya. In ya shigo ɗaki in miƙe, in na shigo ya gyara zama ya jawo carbi. Muna ƙaunar juna ƙwarai, amma duk maganar da ta fi gaisuwa nauyi sai ta bi ta bakin matata ko ta bakin Goggo kafin ta iso. 'Ya'yana da aka haifa a nan dariya suke yi mana, mu kuwa a wurinmu wannan ita ce tarbiyya.

Magini ne, kuma ginin bai taɓa sakinsa ba ko bayan ya ajiye aiki. Ba ya shiga gidan mutum bai ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya kara kunne ba, ko da gidan biki ne. A aljihunsa kullum akwai zare da 'yar dalma a ɗaure, ya sake ta a jikin bango ya kanne ido ɗaya, mai gida yana tsaye yana jiran hukunci. Yakan ce, "Bango bai iya ƙarya ba, sai dai maginin." In muka wuce sabon bene mai gilashi tun daga ƙasa har sama, sai ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa, ya ce, "Wanga ranar da anka ɗauke wuta, tanderu ne."

Duk wannan daga mutum ɗaya ya samo shi, wanda har ya rasu Mu'allim kawai yake kiransa, wato shugaban magina. Mutanen unguwa Bajawe suke ce masa, domin a Makka duk wanda ya fito daga gabas mai nisa Jawa ne, kamar yadda mu mutanen ƙasashenmu duka Takari ake ce mana. Shi kuwa Musulmi ne daga Kambodiya. A babban birninsu ya koyi gini, a zamanin da ƙasar ta samu 'yancin kai tana ta gina makarantu da ɗakunan taro da filayen wasa. Da siminti da rodi suke ginawa, amma a kan dabarar gidajen kakanninsu: a ɗaga gida a kan ƙafafu, a bar wa iska hanya, a tare rana tun kafin ta taɓa ɗaki. Ya zo Hajji da niyyar wata biyu, yaƙi ya rufe masa hanyar komawa. Matarsa da 'ya'yansa bai sake jin ɗuriyarsu ba.

Wani attajiri ya ba da fili a gefen dutse a Tandabawi, wakafi, a gina masauki don talakawan alhazan da ke zuwa daga wajejen su Mu'allim. Aka ba Mu'allim aikin, ya ɗebi magina, Baba a cikinsu, lokacin yana sabon ango. Larabcin Mu'allim na salla ne da cefane, don haka da hannu yake koyarwa. Sai ya kama hannun Baba ya ɗora a inda yake so, in an yi daidai ya gyaɗa kai, in an kauce ya rushe da kansa.

Gidan hawa biyu ne a kan ginshiƙai, ƙasansa babu ɗaki, inuwa ce kawai. Rufinsa biyu, ɗaya a kan ɗaya, da rata a tsakani wadda mutum zai iya rarrafawa a ciki, na saman yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Bangon yamma kuwa gaba ɗayansa bulo ne mai huji-huji, wanda suka zuba ɗaya bayan ɗaya a akwatin katako. Bayan bangon akwai doguwar baranda, sannan ɗakuna. Rana ta daki bangon ta tsaya nan, iska ta wuce ciki. Maƙwabta suka sa masa suna Gidan Tantabara, tun ana faɗa don tsiya har ya zama adireshi.

Baba ya ce ranar da aka gama, da tsakar rana a tsakiyar zafi, Mu'allim ya tsaya a baranda ya ƙyasta ashana ya riƙe. Harshen wutar ya kwanta gefe guda, ya ƙi miƙewa har ta cinye. Sai mutumin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. "Ya ce min haka iskar gidansu take," in ji Baba. Da ciwon ajali ya kama Mu'allim, Baba ne ya yi jinyarsa, kuma shi ya bar wa amanar gidan da kalma uku ko huɗu na guntun Larabcinsa: kada a shaƙe shi. Aka naɗa Baba mai kula da wakafin, ya tare a hawan sama da iyalinsa, a nan matata ta girma. Duk wannan labari na sha jinsa tun ina neman aure, amma irin jin da ake yi wa labarin tsofaffi, ya shiga ta nan ya fita ta can.

Shekara uku da aurenmu aka yi wa Baba aikin ido a Jidda, ya zauna mako biyu a wurin dangi. Lokacin surukata ba ta daɗe da rasuwa ba, Goggo ce ke dafa masa abinci. Na je gidan da rana, na fito daga mota mai sanyi, na ga mafici a kan katifarsa. Raina ya ɓaci. Surukin mai gyaran mukayyif yana fifita da mafici? Me mutane za su ce da ni? Na shawarci matata, wadda ke kiran mahaifinta Abuya, ta ce, "Wallahi Abuya zai ji daɗi." Na shawarci Goggo, ta ce, "To, ku dai kun sani." Ni da gaggawata na ɗauki wannan a matsayin amincewa.

Mukayyif ba ya aiki a wurin da iska ke shiga tana fita, wannan ko ɗan koyo ya sani. Don haka na bi bangon hawan sama huji bayan huji, in cusa takardar buhun siminti, in shafe, har na gama na bi da fenti. Ratar da ke tsakanin rufi biyu ita ma na toshe bakinta, wai don tantabaru. Na kafa mukayyif uku sababbi fil. Kwana tara na yi ina wannan aiki, ina jin kaina, ina cewa yau za a san Baba ya yi dacen suruki.

Ya dawo da bandeji a ido ɗaya, matata tana riƙe da hannunsa a matakala. Ya tsaya a bakin baranda. Wurin ya yi duhu, ya yi sanyi, injuna suna ta gurnani. Ya taka a hankali ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon, ya daɗe a haka. Ni ina bayansa, baki har kunne, ina jiran yabo. Bai juyo ba ya ce, "Sannu da aiki, mai sanyi. Allah shi yi albarka."

Na ce, "Amin, Baba. Ai ba komai."

Ai ba komai! Har yau in na tuna wannan amsa tawa sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Direban tasin nan da ya ce Baba bai taɓa faɗa da ɗan Adam ba, akwai faɗa ɗaya da bai sani ba. Washegari da hantsi muka dawo gaishe shi, tun daga matakala muka jiyo muryarsa a sama, abin da matata ta ce ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. Wai Goggo ta cika wa miya gishiri.

"Wa ya ce ki ƙara? An tambaye ni? Abu shina zaune lahiya lau, sai a zo gyara shi har a kashe shi!"

Goggo ta ce, "Yaya, ni kaka hwaɗa ma wanga zance? Ni na yi?"

Ya ce, "Ke nika hwaɗa ma, don ke ɗai nika iya hwaɗa ma!"

Matata ta damƙe hannuna, muka juya muka sauka a hankali. Wata guda bai ci abincin Goggo ba, gurasar tamis da wake yake saye a bakin layi, ita kuwa baiwar Allah ta shanye laifin da ba nata ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, a kan matakalar nan na gane komai. Garin neman gira na rasa ido.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ka ɗauko guduma washegari? Kunya ce ta hana ni, ba wani abu ba. In na buɗe bangon, na nuna na san ransa ya ɓaci, na mayar da albarkar da ya sa mini ta zama ta fatar baki. In zan ba shi haƙuri, sai na zauna gabansa mun yi maganar ido da ido, abin da ba mu taɓa yi ba. Shi ma ba zai ce wa mijin 'yarsa ya warware kyautar da ya yi masa ba. Sai kowa ya kama bakinsa. Bai taɓa kunna injunan ba, ya sa aka ɗinka musu riguna aka rufe su. Ya saukar da tabarmarsa ƙarƙashin ginshiƙai, can yake ƙailula. Duk shekara in zafi ya shigo sai ya ce wa matata, "A hwaɗa ma mai sanyi injunanai suna nan lahiya." Ni kuma in ce a gaya masa na gode. Kusan shekara ashirin muna wannan wasa.

Bara cikin watan Sha'aban matata ta kira ni a waya ina bakin aiki. Ta ce, "Abuya ya yi baƙi, ya ce ka zo." Na ajiye aikin na taho, domin bai taɓa aikowa a kira ni ba. Na tarar da su a inuwar ginshiƙai: wata mata da ba ta wuce shekara arba'in ba, da mijinta wanda ya yi karatu a Madina yana jin Larabci. Umara suka zo daga Kambodiya. Matar jikar ƙanwar Mu'allim ce, kuma aikinta zanen gine-gine. A cikin kayan kakarta ta tsinci wasiƙa ɗaya daga Mu'allim, wadda ta isa bayan an gama yaƙi, da zanen gida a bayanta da sunan unguwa. Mijin ya ce ita da abokan aikinta suna bin gine-ginen wancan zamani a ƙasarsu suna aunawa suna zanawa, domin ana ta rushe su ana kafa dogayen benaye, kuma waɗanda suka gina su yaƙi bai bar da yawa ba.

Ta fito da waya tana nuna wa Baba hotuna. Wannan an rushe shi. Wannan yana nan, amma an sayar da filin. Wannan an cike tafkin da ke gabansa. Baba ya kawo wayar dab da idonsa mai gani. "Ga haƙoran zarto! Ga ƙahwahun! La ilaha illallahu, ashe gidanmu shina da dangi!" Ya yi dariya har ana ganin dasashinsa. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Daga nan aka hau sama. Matar ta tsaya gaban bangon, ta shafa fentina, fuskarta ta canja. Ta yi wa mijinta magana da harshensu, ya juyo ya ce, "Tana tambaya, wa ya yi wannan?"

Ina tsaye a wurin. Kafin in motsa baki Baba ya amsa da Larabci, muryarsa ko rawa ba ta yi ba: "Ni ne. Tsufa ya kama ni, na kasa jure zafi, na sa aka toshe." Matar ta sunkuyar da kai, amma na ga yadda kallon da take yi masa ya ragu. A gaban jinin Mu'allim ya ɗauki cin amanar ya aza a kansa, don kada mijin 'yarsa ya ji kunya a gaban baƙi.

Mijin ya bayyana mana cewa hoton bango a toshe ba zai amfane ta ba. A wasiƙar, Mu'allim ya rubuta cewa ya canja wani abu a ginin saboda Makka, domin iskar nan busasshiya ce, ba irin tasu mai damshi ba, amma bai faɗi abin da ya canja ba. Sai an buɗe hujojin an auna za a gani. Baba ya ci gaba da kallon mijin, ko inda nake bai duba ba, ya ce, "Gaya mata surukina gwani ne, hannunsa yana da kyau. Ni da shi za mu buɗe bangon mu auna mata komai, in nuna masa abin da Mu'allim ya nuna mini."

Haka ya roƙe ni. Ta bakin baƙo, da harshen da ba namu ba, bayan shekara kusan ashirin. Na ce, "In sha Allahu, Baba, bayan Salla."

Azumi ya zo, kuma azumi a Makka mai gyaran mukayyif ba ya ganin gidansa. Bayan Salla aka shiga shirin Hajji, masaukai suna ta kira. Bayan Hajji na ce bari in huta. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Dalilin shi ne ina tsoron kwanakin da za mu yi ni da shi mu biyu a baranda, ina fasa aikina yana kallo. Sau ɗaya ya aiko matata: "A tambayi mai sanyi ko gudumarshi ta ɓace, ina da wata." Na yi dariyar yaƙe na ce mako mai zuwa.

Ana nan sai aka wayi gari da lamba da jan fenti a jikin ginshiƙin gaba. Za a faɗaɗa hanya, layin gaba ɗaya zai tafi. Na zaci Baba zai tayar da hankalinsa, sai na ji yana ce wa Goggo, yadda zan jiyo daga inda nake zaune, "Baƙin Allah sun yi yawa, dole a buɗa musu hanya. Mu ma wani abu munka tarar munka rushe. Ni dai a ga gidan ga shina numfashi sau guda, a rubuta, halas." Muka kwaso shi muka dawo da shi Zahir. Ya kwanta a ɗakin da na gyara masa, ƙarƙashin mukayyif, ya ja bargo har wuya, bai taɓa cewa a kashe ba. A ƙarshe na sa rana, na ce wa matata ta gaya masa Asabar za mu je. Ranar Alhamis zazzaɓi ya rufe shi, Asabar ɗin a asibiti ta same mu. Bai ƙara tashi ba.

Da aka watse daga makoki na ɗauki guduma da ƙarfen sassaƙa na nufi Tandabawi da sassafe. Rabin unguwar ya zama tarin ƙasa da rodi, motocin rusau suna aiki layi biyu daga gidan. Na hau sama. A ƙarshen baranda akwai tsohon kabad ɗin kayan aikinsa, wanda muka bari saboda ya hana a taɓa shi. Na ce bari in fara daga wannan kusurwa, na buɗe kabad ɗin don in rage masa nauyi kafin in ture shi. Iska ce ta daki fuskata.

Babu allo a bayan kabad ɗin, an cire shi. Hujojin da ke bayansa, faɗin dardumar salla, duk a buɗe suke, an ƙwaƙule su tas, babu ko ɗigon simintina, kuma da gani aikin ya yi shekaru. A ciki akwai 'yar kujera ta tsuguno, katakonta ya yi santsi saboda zama. Daga baya Goggo ta gaya mini da ƙusa ya yi, huji ɗaya a rana, tun shekarar farko. A nan yake zama da La'asar, in ya ji takuna a matakala sai ya fito ya rufe ƙofar. Na zauna a kan kujerar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Kwana huɗu na yi ina fasawa. Na buɗe bangon, na buɗe bakin rufi, na sauke injunan uku da rigunansu. Rana ta huɗu bayan Azahar, rana tana dukan bangon, iska ta ratsa barandar tun daga wannan kai har wancan, ta ɗaga ƙurar da na tara ta fita da ita. Ba irin sanyin da nake sayarwa ba ne, sanyin inuwar bishiya ne, ba ya sa ciwon gaɓɓai. Na auna duk abin da ke aunuwa, na ɗauki hoto ta kowace fuska, na tura wa mijin matar nan, na kuma sanar da shi rasuwar. Mako bai zagayo ba aka kwantar da gidan. Ina tsaye a tsallaken titi, kafin a kira Azahar an gama.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya saka masa da rufin asirin da ya yi wa bayinsa. Allah ya yalwata masa makwancinsa, ya buɗe masa ƙofar da iskar Aljanna za ta riƙa shigo masa, shi da Mu'allim ɗinsa da iyalan da Mu'allim ya rasa. Mu kuma Allah ya kyautata namu zuwan.

Shekaranjiya amsa ta zo. Mijin ya rubuto ta'aziyya mai tsawo da addu'o'i, sannan ya ce matarsa ta kwana biyu tana nazarin hotunan. Hujojin ba iri ɗaya ba ne. Layukan ƙasa sun karkata sama, na tsakiya a miƙe suke, na sama kuma sun fi ƙanƙanta, sannan jefi-jefi akwai bulo marar huji da Mu'allim ya sa da gangan. Ta ce a duk gine-ginen da suka auna a ƙasarsu babu mai irin wannan, lallai shi ne abin da ya canja saboda Makka. Awo yana hannunta, amma ba ta gane dalilin tsarin ba, kuma in babu dalilin ba za a iya sake gina irinsa ba. Tana tambaya, ko marigayin ya gaya maka?

Na rubuta, "Bai gaya mini ba." Na daɗe ina kallon rubutun, na ga ina shirin sake aza masa kayan da ba nasa ba, yanzu kuma ba ya nan balle ya karɓa. Na goge. Na rubuta, "Ban tambaye shi ba," na tura.